Ganyen Kiratom da Magungunan Raba Mutum da Ƙwaya: Me Ke Faruwa Idan Sun Haɗu a Jiki?

A mujallun likitanci na Amurka da Turai an sha kawo rahoton wani lamari da ke ɗaure wa likita kai idan ya fara cin karo da shi. Mutum zai zo neman taimako kan shan giya. A tambaye shi ko yana ta'ammali da hiroyin ko ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi, ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. A gwada fitsarinsa, ba a ga komai ba. Sai a ba shi naltirezon, maganin da ke rage sha'awar giya. Ba a jima ba ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gumi na keto masa, ciki na murɗawa, ga amai ga zawo, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Sai an matsa masa da tambaya ake gano cewa ya yi watanni yana kaɗa garin wani ganye a ruwa yana sha, ganyen da yake saye a shagon gidan mai, wanda bai taɓa lissafa shi cikin ƙwayoyi ba. Sunan ganyen kiratom.

Maganganun da ke yawo a kan wannan ganye sun saɓa wa juna. Wasu na cewa shayi ne kawai, ba ruwansa da maganin asibiti. Wasu na ganin shi ne mafita ga wanda ya gaji da bin layin karɓar metadon, maganin raba mutum da ƙwaya, kowace safiya. Wasu kuwa sun ɗauka duk wanda ya haɗa shi da maganin asibiti ya gama yawo. Amsar ta dogara ne da wane magani ake nufi, wane irin kiratom, kuma wanne ya riga wani shiga jiki.

Bishiyar masu tatsar roba

Kiratom bishiya ce ta kudu maso gabashin Asiya, danginsu ɗaya da bishiyar kofi. Masana tsirrai na kiranta Mitragyna speciosa. Tana fitowa a Tailan da Malesiya da Indonesiya da Myanmar, kuma a Malesiya an fi saninta da ketum. Tun kaka da kakanni manoma da masunta da masu tatsar roba na can ke tsinkar ɗanyen ganyen, su zare jijiyar tsakiya, su tauna don su jure aiki cikin rana, ko kuma su dafa shi su sha ruwan. Kaɗan daga cikinsa yana wartsakar da mutum. Idan ya yi yawa sai ya kashe jiki, ya kwantar da zafin ciwo, ya kawo gyangyaɗi.

Dangantakarsa da masu shan ƙwaya ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 19 aka rubuta cewa mutanen yankin Malaya kan koma masa idan ofiyom ya yi tsada ko ya yi wuyar samu. A 1943 gwamnatin Tailan ta haramta shuka shi, a lokacin da take samun haraji daga cinikin ofiyom, kuma masana tarihin dokar da yawa na danganta haramcin da kare wannan kuɗin shiga. Sai a watan Agustan 2021 ƙasar ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi.

Wanda ya san fadama a ƙasar Hausa ya san 'yar uwar wannan bishiya, wato giyayya, wadda masana ke kira Mitragyna inermis, kuma masu maganin gargajiya ke dafawa don zazzaɓi. Zuri'arsu ɗaya, amma sinadaran da suka yi wa kiratom suna ba su ne suka rinjaya a giyayya ba, saboda haka bayanin da ke tafe bai shafe ta ba.

Ganyen kiratom na ɗauke da sinadarai masu aiki a jiki fiye da 40. Babbansu shi ne mitirajinin, wanda a ganyen Tailan kan kai kashi biyu bisa uku na jimillarsu. Akwai kuma wani ɗan kaɗan da ake taƙaita sunansa da 7-OH, wanda bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, amma ya fi mitirajinin ƙarfi nesa ba kusa ba. Hantar mai sha ma takan juya wani ɓangare na mitirajinin ya koma 7-OH.

Mafi yawan wanda ake sayarwa a Amurka daga Indonesiya yake zuwa, musamman yankin Kapuas Hulu na tsibirin Borneo, a busar da shi, a niƙa, a zuba a buhu. A Amurka kuma a sayar da shi gari, ko a cikin kafso, ko a tace shi a ƙananan kwalabe. Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta nuna mutum miliyan 1.7 ne suka sha shi a 2021. Kiran da ake yi wa cibiyoyin kula da waɗanda suka sha guba a kansa ya tashi daga 13 a 2011 zuwa 682 a 2017. Dalilin bunƙasarsa a bayyane yake. Daga 2016 an tsananta ƙa'idar rubuta wa marasa lafiya ƙwayoyin kashe zafi, aka bar masu ciwo mai daɗewa da waɗanda jikinsu ya riga ya saba suna neman abin da zai riƙe su. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da aka buga a 2020, wanda ya ji ta bakin masu sha 2,798, ya samu kashi 91 cikin ɗari na shan sa don ciwo, kashi 41 kuma don su rage ko su bar ƙwayoyin ofiyoid. Ke nan masu shan kiratom da masu zuwa asibitin raba mutum da ƙwaya sau da yawa mutane ɗaya ne.

Kalmomi huɗu kafin a ci gaba

Ofiyoid suna ne na dangin magunguna da ke aiki irin na ofiyom, wato ƙaron da ake tatsa daga furen fofi. A cikinsu akwai mofin da hiroyin da fentanil, da kuma biyun da aka fi sani a Arewa, kodin da tiramadol.

Dukansu suna aiki ne ta hanyar zama a wasu gurabe da ke jikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da laka da hanji. Mafi muhimmanci shi ne wanda masana suka laƙaba wa harafin Girka, gurbin miyu. A ɗauki wannan gurbi tamkar kan famfo. Hiroyin da fentanil da metadon suna iya buɗe shi har ƙarshe, ruwan da ke zuba kuwa shi ne kwantar da zafi da jin daɗi, tare da sanyaya numfashi, wanda shi ke kisa idan ya wuce ƙima. Bufirenofin, wani maganin raba mutum da ƙwaya, rabi yake buɗewa, amma idan ya dafe kan famfon ba ya saki da wuri, har ma yakan ture hannun da ya tarar. Naltirezon da nalozon, maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, su ma turewa suke, sai dai su rufewa suke yi ruf. Mitirajinin da 7-OH, bisa gwaje-gwajen da aka yi, suna cikin masu buɗe rabi.

Sabo shi ne jiki ya daina jin adadin da ya saba sha, sai an ƙara. Ciwon yaye kuwa shi ne halin da jikin da ya saba ke shiga idan aka yanke masa: ciwon gaɓoɓi, majina da hawaye, zawo, rashin barci, tsigar jiki na tashi, ga ƙunci da saurin fushi. Idan magani ne ya turo wannan hali nan take, maimakon ya zo a hankali cikin kwanaki, ana iya kiransa yayen farat ɗaya, kuma ya fi na yau da kullum tsanani.

Kiratom na jawo sabo da ciwon yaye, wannan ba abin gardama ba ne. Masu bincike a jami'ar kimiyya ta Malesiya da ke Penang sun nazarci masu shan sa kullum su 293 a 2014, suka samu fiye da rabinsu sun kamu sosai. Ciwon yayensa galibi bai kai na hiroyin ba, amma ya isa ya hana mutum aiki. Wani abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai tsaya a gurbin miyu ba. Yana taɓa hanyoyin adirenalin da na serotonin, sinadaran da ke da hannu a bugun zuciya da hawan jini da yanayin rai.

Naltirezon: inda karon ya fi fitowa fili

A nan babu wani ruɗani. Naltirezon, wanda Amurka ta amince da ƙwayarsa a 1984, da allurarsa ta wata-wata mai suna Vivitrol ga masu matsalar ofiyoid a 2010, ba a fara shi sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa ofiyoid ba. Mai shan kiratom kullum yana cikin wannan ƙa'ida, ko ya sani ko bai sani ba. Idan ƙwaya ya haɗiya, wahalar za ta ɗauki yini ko biyu. Idan allurar wata aka yi masa, babu hanyar zare ta daga tsoka.

Abin da ke ƙara haɗarin shi ne naltirezon na shiga hannun mutanen da ba su ɗauki kansu masu matsalar ƙwaya ba. Ana ba masu shan giya, kuma yana cikin Contrave, maganin rage ƙiba. Likitan da ke duba mai neman rage teɓa ba lallai ya yi tunanin tambayar wane ganye take kaɗawa da safe ba.

Akwai kuma wanda ya riga ya fara naltirezon sannan ya nemi kiratom. Ba zai ji daɗin da yake nema ba, domin gurbin a rufe yake, sai ya yi ta ƙarawa. Sauran ayyukan ganyen kuwa ba a toshe su ba: zuciya ta dinga bugawa da sauri, tashin zuciya, karkarwa, wani lokaci har jijjiga irin ta farfaɗiya. Bayan allurar ta ƙare kuma sabon jikinsa ya ragu, adadin da a da bai yi masa komai ba yanzu yana iya tsayar masa da numfashi.

Bufirenofin: magani ne, kuma abin gardama ne

Wannan shi ne maganin da labarinsa da kiratom ya fi sarƙaƙiya. Faransa ta fara amfani da shi sosai a tsakiyar shekarun 1990, Amurka ta amince da shi a watan Oktoban 2002 da sunayen Subutex da Suboxone, na biyun an gauraya shi da nalozon don kada a narka shi a yi allura. Ana sa shi a ƙarƙashin harshe ya narke. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi tare da metadon cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Ga wanda ke shan bufirenofin yadda aka tsara masa, ƙara kiratom a kai ba ya kawo wani abin a zo a gani ta fuskar maye, tun da maganin ya riga ya dafe gurbin. To me ke sa wasu ke haɗawa? Galibi alama ce ta wani abu da bai daidaita ba: adadin maganin ya yi kaɗan har ciwon yaye na leƙowa kafin lokacin sha na gaba, ko akwai ciwon baya da ba a kula da shi ba, ko damuwa, ko kasalar da mutum ke son ya kore don ya iya aiki. Ƙwararrun likitocin wannan fanni kan karanta lamarin a haka, su gyara adadin ko su nemi ciwon da ke ƙasa, maimakon su kori mara lafiya. Wannan ya fi kama da hankali. Haɗarin gaske yana zuwa ne idan aka ƙara giya, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, ko gabafentin, domin a nan ne kariyar da bufirenofin ke da ita ta rashin danne numfashi sosai ke raguwa.

Sai kuma wanda kiratom ɗin ne ya kama shi, ya zo neman a raba su. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da wani magani musamman don wannan ba, don haka likitoci ke aro daga abin da suka sani, kuma bufirenofin suka fi ara. Hujjar da ake da ita rahotannin marasa lafiya ne ɗaiɗai da ƙananan rukunoni. Wani rahoto na 2022 ya bi mutum 28 da aka ɗora a kansa, akasarinsu suka daina kiratom. Wani nazari na 2021 ya lura cewa masu shan ƙasa da giram 20 na ganyen a rana ƙaramin adadi ya ishe su, masu wuce giram 40 kuwa sun buƙaci kusan abin da ake ba masu hiroyin.

Yadda ake farawa yana da ƙa'ida. Ba a ba mutum yana cikin maye. Ana jira ya yi aƙalla awa 12 zuwa 24 bai sha ba, har alamun yaye su bayyana, ma'aikacin jinya ya duba bugun jini da faɗin ƙwayar ido da gumi da hamma da tsigar jiki, ya ba kowanne maki a wani ma'auni mai abubuwa 11. Sai makin ya kai wani mataki ake sa ƙwayar farko. Mitirajinin kan daɗe a jini, rabinsa kan ɗauki kusan awa 24 ko fiye kafin ya fita, shi ya sa gaggawa ba ta da amfani. Wasu asibitocin kuma sun koma farawa da ɗan mitsitsin adadi suna ƙarawa cikin mako, dabarar da ta yaɗu saboda masu shan fentanil.

Gardamar tana nan ne. Wasu likitoci na tambaya: matashin da bai taɓa hiroyin ba, ganye kawai ya saba da shi, daidai ne a ɗora shi kan maganin da barinsa kan ɗauki watanni? Suna tsoron kada a guje wa gara a faɗa gidan zago. Su sun fi son a rage ganyen sannu a hankali, a taimaka da kulonidin ko lofezidin don gumi da bugun zuciya, da maganin zawo da na barci na ɗan lokaci. Ɗaya ɓangaren na cewa wanda ya gwada bari sau da yawa ya kasa, ko wanda dama daga hiroyin ya gangaro zuwa kiratom, hana shi bufirenofin tura shi ne ya koma kasuwar da fentanil ya cika. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba mara lafiya ɗaya suke magana a kai ba, kuma tarihin mutum shi ke raba gardamar.

Hanya mafi haɗari ita ce wadda ba a cika ɗauka da haɗari ba: mutum ya ajiye bufirenofin ko metadon da kansa, ya koma kiratom don ya huta da asibiti. Wani bincike a jihar Massachusetts da aka buga a 2018 ya bi mutum 17,568 da suka tsira bayan ƙwaya ta kusa kashe su. Waɗanda suka samu metadon, mutuwar ofiyoid a cikinsu ta ragu da kashi 59 cikin ɗari, masu bufirenofin kuma da kashi 38. Bincike da dama sun nuna makonni huɗun farko bayan barin magani su ne mafi muni. Kiratom ba shi da irin wannan shaida a bayansa.

Metadon: hanta da zuciya

Metadon shi ne dattijon cikinsu. A Jamus aka haɗa shi a ƙarshen shekarun 1930, kuma Vincent Dole da Marie Nyswander ne suka nuna a New York a tsakiyar shekarun 1960 cewa shan sa sau ɗaya a rana na iya mayar da mai hiroyin bakin aikinsa. Yana buɗe gurbin gaba ɗaya, yana daɗewa a jiki, yana kuma taruwa a hankali, shi ya sa makonnin farko na fara shi ke buƙatar sa ido.

Haɗa shi da kiratom na da matsala ta fuska uku. Ta farko ita ce gyangyaɗi da sanyin numfashi su hau kan juna. Ta biyu hanta ce. Hanta na da wasu sinadarai da ke narkar da magunguna, kowanne da lambarsa, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna mitirajinin na rage wa biyu daga cikinsu ƙarfi, CYP2D6 da CYP3A. Masu bincike a Jami'ar Jihar Washington sun gwada wannan a jikin mutum 12 masu lafiya, suka ba su shayin giram 2 na ganyen tare da magungunan gwaji. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna maganin barci midazolam, wanda CYP3A ke narkarwa, ya ƙaru a jini da kusan kashi 40 cikin ɗari, ɗaya hanyar kuwa ba ta motsa ba. Giram 2 ke nan sau ɗaya, alhali akwai masu shan ninkinsa goma kowace rana. Babbar hanyar narkar da metadon wata ce daban, CYP2B6, amma CYP3A na da hannu, kuma ita ce ke narkar da bufirenofin da wasu magungunan taɓin hankali da ake yawan ba irin waɗannan marasa lafiya.

Ta uku zuciya ce. An daɗe da sanin metadon na tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri tsakanin bugu da bugu, abin da ake gani a takardar awon zuciya a kira shi tazarar QT. Idan ta yi tsawo da yawa bugun na iya rikicewa farat ɗaya. A gwajin ƙwayoyin halitta an ga mitirajinin na toshe mashigar da metadon ke toshewa. Wannan ya isa dalilin da zai sa a auna zuciyar mai metadon da aka san yana shan ganyen.

Hantar kanta ma takan ji jiki. An samu masu shan kiratom da shawara ta kama cikin makonni kaɗan da farawa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi, kuma galibi sukan warke idan sun daina. Ga wanda dama ke da ciwon hanta nau'in C, wanda ya yi yawa a tsakanin masu allurar ƙwaya, wannan ƙarin nauyi ne.

Fitsarin da ba ya faɗin gaskiya

Gwajin fitsari na gaggawa da asibitoci suka dogara da shi an tsara shi ne don gano mofin da danginsa. Surar mitirajinin ta bambanta, saboda haka ba ya fitowa, sai an aika samfurin babban ɗakin gwaji an nemi shi da sunansa. Har ma an ruwaito a 2020 cewa wani abin da jiki ke fitarwa daga kiratom na iya sa gwajin ya nuna metadon ga wanda bai taɓa sha ba. Illar a nan biyu ce. Likita na iya ba da naltirezon da kwanciyar hankali bisa sakamakon da ba cikakke ba, mara lafiya kuma na iya shan zargin abin da bai aikata ba. Tambaya kai tsaye, da ambaton sunan ganyen da sunayen kwalaben da ake sayarwa, ta fi gwajin amfani, muddin mara lafiya bai ji cewa amsar za ta sa a kore shi ba.

Suna ɗaya, kaya daban-daban

Duk bayanin da ya gabata yana ƙara nauyi idan aka bar ganye aka koma abin da masana'antu ke haɗawa. A 'yan shekarun nan shagunan taba da gidajen mai na Amurka sun cika da ƙwayoyin tsotsa da alewa da ruwan kwalba masu ɗauke da 7-OH zalla, wanda ake samarwa ta hanyar sarrafa mitirajinin da sinadarai. Ana sayar da su da sunan kiratom, amma aikinsu ya fi kusa da na ƙwayar ofiyoid sosai: saurin kamu, ciwon yaye mai tsanani, da yiwuwar danne numfashi. A ranar 29 ga Yulin 2025 FDA ta ba da shawarar a sa 7-OH cikin jerin haramtattun ƙwayoyi, tana mai cewa ba ganyen take hari ba. A watan Agusta jihar Florida ta haramta shi da dokar gaggawa.

Gauraye ma tsohuwar matsala ce. A Suwidin an ruwaito mutuwar mutum 9 cikin kusan shekara guda saboda wani haɗi mai suna Krypton, garin kiratom da aka zuba wa sinadarin da hanta ke juya tiramadol ya koma. A 2018 kuma garin da ya gurɓata da ƙwayar cutar salmonela ya jawo wa mutum 199 rashin lafiya a jihohi 41 na Amurka.

Masu goyon baya da masu suka

A watan Agustan 2016 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta sanar da niyyar haramta kiratom, sai masu sha da wasu 'yan majalisa da masana suka yi ca, ta janye a watan Oktoba, abin da ba a saba gani ba. A Fabrairun 2018 shugaban FDA na lokacin, Scott Gottlieb, ya fito ya ce sinadaran ganyen ofiyoid ne. A 2021 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba batun, ya ce hujja ba ta kai a fara shirin haramta shi a duniya ba, amma a ci gaba da sa ido.

Kowane ɓangare na kafa hujja da rahoton da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2019. Cikin mace-macen ƙwaya 27,338 da aka duba daga Yulin 2016 zuwa Disambar 2017, an samu kiratom a jikin mutum 152, aka ce yana cikin sanadin mutuwar 91. Masu suka na nuna 91 ɗin. Masu goyon baya na nuna cewa a gawa 7 kacal aka same shi shi kaɗai, kuma kusan kashi biyu bisa uku na ɗauke da fentanil. Alƙaluman ba su wanke ganyen ba, amma sun nuna inda haɗarin ya taru, wato wurin haɗa shi da wani abu. Nalozon, maganin farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, an ga ya yi aiki a kan masu kiratom ma, don haka shawarar likitoci ita ce a ba da shi idan an tarar da mutum ba ya numfashi sosai, a kuma kira agaji.

Abin da ake hange

Duk inda aka haramta 7-OH ko ganyen kansa, kamar yadda jihar Louisiana ta yi a 2025, za a wayi gari da mutanen da jikinsu ya saba kuma shago ya daina sayarwa. Wasu za su nufi asibiti, wasu kasuwar bayan fage. Yawan waɗanda za su zaɓi na farko ya danganta da sauƙin samun bufirenofin, wanda tun farkon 2023 Amurka ta cire sharaɗin izini na musamman ga likitan da zai rubuta shi. Mata masu ciki na cikin waɗanda abin zai fi shafa, domin an samu jariran da aka haifa da ciwon yaye bayan uwa ta sha kiratom, kuma yanke shi farat ɗaya da ciki ba shawara ba ce.

A Afirka ta Yamma abin lura shi ne tiramadol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan ƙwayoyin ofiyoid ba bisa umarnin likita ba, akasari tiramadol, ga kuma miliyan 2.4 masu shan maganin tari. Kiratom kuwa kaya ne da ake tallata shi a intanet da sunan ganyen da ke raba mutum da ƙwaya, irin tallan da ke saurin karɓuwa inda wuraren jinya suka yi ƙaranci. Tiramadol shi kaɗai yana jawo jijjiga idan an sha da yawa, yana kuma ƙara serotonin, kuma CYP2D6 da CYP3A ne ke sarrafa shi a hanta, hanyoyi biyun da gwajin ɗakin bincike ya nuna mitirajinin na taɓawa. An ruwaito jijjiga a masu kiratom su ma. Wanda ya haɗa su don ya rage tiramadol a hankali ya tara abubuwa biyu masu jawo jijjiga a jiki ɗaya, kuma gwajin fitsarin da aka saba yi a asibiti ba lallai ya nuna ko ɗaya daga cikinsu ba.